Mai Iya Cewa Babu: Tarihin Jagoranci a Sana'ar Magani Daga Bagadaza Zuwa Gaɓar Tafkin Kainji

Gabatarwa

Kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da sarkinta. Maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta suna da Sarkin Pawa, wanzamai suna da nasu, masunta kuma suna da Sarkin Ruwa, wanda a ƙasar Yauri ba ƙaramin mutum ba ne. Ƙwarewar hannu kaɗai ba ta isa a naɗa mutum irin wannan sarauta ba. Ana naɗa shi ne don a sami mai tsawata wa 'yan sana'a, wanda kuma za a kama idan an sayar da mushe a kasuwa ko kaciya ta ɓaci. Sana'ar harhaɗa magunguna da sayar da su ta fi kowace sana'a bukatar irin wannan tsawatarwa. Mai sayen nama yana iya sunsunawa, mai sayen gatari yana iya gwada kaifinsa, amma mai sayen ƙwaya ba shi da hanyar sanin abin da ke cikinta sai bayan ya haɗiye.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka reni jagorori a wannan sana'a da yadda aka gane su, tun daga zamanin Abbasiyawa, ta biyo ta Sakkwato da Zariya, har ta sauka a Yauri da Ngaski da Shanga. Abin da tarihin ya nuna shi ne, a duk zamanin da aka duba, alamar jagora a harkar magani ita ce ya iya hana kansa ciniki: ya ce babu idan babu, ya ce ban sani ba idan bai sani ba, ya ƙi bayarwa idan bayarwar cuta ce.

Jarrabawar Sansanin Afshin

Ibn Abi Usaibi'a, masanin tarihin likitoci da ya rayu a ƙarni na 13, ya kawo wani labari da ya faru a zamanin Halifa Mu'utasim, wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842. Sarkin yaƙinsa Afshin yana sansani yana yaƙar Babak, sai ya yi shawara da likita Zakariyya Ɗaifuri a kan masu sayar da magani da ke bin rundunar. Aka ɗauko littafin sunayen mayaƙa, aka zaɓi sunaye ashirin waɗanda ba su da wata alaƙa da magani, aka aika manzanni su je su sayo su a matsayin magunguna. Wasu masu shaguna suka ce ba su taɓa jin waɗannan sunaye ba. Wasu kuwa suka karɓi kuɗi, suka ƙunsa abin da hannunsu ya kai gare shi, suka miƙa. Afshin ya bar waɗanda suka ce ba su sani ba a sansanin, ya kori sauran.

Abin lura a nan shi ne, ba a tambayi kowa yawan littattafan da ya karanta ba. An gwada abu ɗaya ne tak: shin idan kuɗi ya zo bakin shago, kuma babu mai gani, mutum zai iya barinsa ya wuce? A garuruwan Musulunci na wancan zamani wannan aiki ya shiga hannun muhtasibi, mai duba kasuwa da ma'auni, wanda yake leƙa shagunan masu magani don gano algus.

Malaman jihadi na ƙasar Hausa sun gaji wannan tunani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. A lokacin da Baturen nan Kilafatan ya ziyarce shi a 1824, Bello ya nemi a turo masa likita ya zauna a ƙasarsa. Wannan ya nuna shugaban da ya ɗauki magani a matsayin ilimi da ake rubutawa, ake tantancewa, ake kuma nema ko daga ina ya fito. A ƙauyuka da gungunan Kwara kuwa, saiwa da sassaƙe da ganye suna hannun masu maganin gargajiya da wanzamai da ungozomomi, waɗanda ake gane nagarinsu da shaidar jama'a, tun da da tsohuwar zuma ake magani.

Zamanin Disfensa

Maganin Turawa ya shigo Nijeriya ta bakin teku. A 1887 Richard Zaccheus Bailey ya buɗe shagon magani a Legas, kuma a 1927 aka kafa ƙungiyar masana harhaɗa magunguna ta ƙasa, wato PSN. Arewa ta sami rabonta a 1930, lokacin da aka buɗe makarantar koyon aikin magani a Zariya. Wanda ya gama wannan makaranta ana kiransa disfensa. Aikinsa shi ne auna gari, dama ruwan magani, haɗa man shafawa, da tsare ma'ajiyar guba, duk a ƙarƙashin umurnin likita Bature.

Tsarin bai yi nufin samar da jagorori ba, mataimaka yake nema. Sai dai yanayin ƙasa ya fi ƙarfin tsarin. Likitoci ba su da yawa, ƙasar kuma tana da faɗi, saboda haka a garuruwa masu nisa da hedkwatar lardi ma'aikacin ɗakin shan magani na En'e shi ne likita, shi ne mai magani, shi ne mai ba hakimi shawara idan annoba ta ɓarke. Haka kuma makarantar Zariya ta zama matattarar samari masu ilimin zamani. Malam Sa'adu Zungur ya koyar a cikinta a farkon shekarun 1940, kuma a Zariya ya fara tara matasa don tattauna halin da Arewa take ciki. Ke nan tun da wuri ajin koyon magani ya haɗu da dandalin koyon shugabanci.

A wannan zamani ne kuma dokar mulkin mallaka ta shekarun 1930 ta buɗe wata ƙofa da har gobe ba a rufe ba. Ganin cewa ƙwararru ba za su wadaci ƙasa ba, sai aka yarda a ba wanda bai yi karatun magani ba lasisin sayar da ƙananan magunguna a cikin kwalinsu na asali, ban da allura, ban da magungunan da sai da takardar likita. Daga nan aka haifi mutumin da Bahaushe yake kira mai kemis.

Bayan samun 'yancin kai darajar sana'ar ta ɗaga. Jami'ar Ife ta fara ba da digiri a fannin a shekarun 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya ta gaji aikin tsohuwar makarantar Zariya. Disfensa mai jiran umurni ya zama masani mai digiri, wanda doka ta ba shi ikon ya duba takardar likita, ya mayar da ita idan ya ga kuskure. Wannan iko na mayar da takarda shi ne ginshiƙin sana'ar, kuma shi ne jarrabawar Afshin a cikin sabuwar riga.

Da Tafki Ya Zo

A daidai lokacin da ake wannan sauyi a Zariya, wani sauyin yana aukuwa a ƙasar Yauri. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru ya shanye tsohuwar Bussa da gungu-gungu da fadamun da Gungawa suka shahara da noman albasa a cikinsu, aka tayar da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Tafkin ya miƙe tun daga madatsar har ya wuce Yelwa.

Da ruwa ya canza hali, cututtuka ma suka canza. Ƙudan da ke kawo makantar bakin kogi yana hayayyafa ne a ruwa mai gudu da ƙarfi, don haka nutsewar duwatsun Bussa ta rage masa wuri a tsakiyar tafkin, ko da yake ya ci gaba da ɓarna a rafukan da ke kwarara cikinsa. Kwantaccen ruwa mai ciyayi kuwa gida ne ga dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma gida ne ga sauro. Kifi ya yawaita, masunta suka yi ta zuwa daga nesa suna kafa tungaye, kasuwannin Yelwa da Wara suka bunƙasa. Jama'a ta ƙaru, bukatar magani ta ƙaru, amma mafi yawan masu digirin magani suna Kaduna da Kano da Zariya da Sakkwato, inda manyan asibitoci da kamfanoni suke.

Wanda ya cike giɓin shi ne mai kemis, da ɗan'uwansa mai tallar magani a faranti ko a bayan keke ranar kasuwa. Ga mutumin da ke tunga, wanda sai ya biya kuɗin jirgin ruwa sannan ya hau mota kafin ya kai babban asibitin Yauri, mai kemis shi ne ƙofar farko, sau da yawa kuma shi ne ta ƙarshe. Shi ake kai wa yaro mai zazzaɓi da tsakar dare, shi ne mai ba da bashi har a sayar da kifi. Idan ya san iyakarsa ya ce a wuce asibiti, an tsira. Idan ya ga kuɗi ya ɗauko allura, sai abin da Allah ya yi.

Shekarun Jabu

Da tattalin arziƙin ƙasa ya durƙushe a shekarun 1980, ma'ajiyar asibitocin gwamnati ta bushe. Majiyyaci ya saba da karɓar takarda ya fita waje ya nema. Lasisin shigo da magani ya faɗa hannun 'yan kasuwar da ba su san bambancinsa da atamfa ba, manyan kasuwannin Anacha da Aba da Legas da Sabon Garin Kano suka zama rumbunan da ƙananan shaguna na ƙasa baki ɗaya suke sari a cikinsu. A nan jabu ya sami hanya.

Sakamakon ya zo da muni. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadari mai lalata ƙoda. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an yi wa dubun-dubatar mutane allurar rigakafi ta jabu wadda ta shiga cikin kayan agajin da aka aika daga Nijeriya. Irin wannan asara ce ta sa aka kafa hukumar kula da sana'ar, wato PCN, a 1992, da kuma hukumar NAFDAC a 1993. Shugaban NAFDAC na farko, Farfesa Gabriel Osuide, daga tsangayar magunguna ta Zariya ya fito.

Amma sunan da ya zauna a bakin talaka shi ne na Dora Akunyili, kuma yadda aka gano ta ya cancanci nazari. Tana aiki a asusun rarar man fetur na PTF, wanda Janar Muhammadu Buhari yake shugabanta, sai aka ba ta kuɗin zuwa Landan don a yi mata tiyata. Likitocin can suka ce ba ta bukatar aikin. Ta dawo gida ta mayar da ragowar kuɗin, alhali babu wanda zai tuhume ta da ta riƙe. Wannan labari yana cikin abin da ya kai sunanta gaban Shugaba Obasanjo, wanda ya ba ta NAFDAC a 2001. Ita kanta ta ɗanɗani ɗacin jabu, domin ƙanwarta ta rasu a 1988 sanadiyyar jabun allurar ciwon suga.

Daga 2001 zuwa 2008 ta ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta rufe kasuwanni, ta hana wasu kamfanonin ƙetare shigo da kaya, ta koya wa mutanen karkara su duba lambar NAFDAC a jikin kwali. An biya ta da wuta da harsashi: a Disamba 2003 aka harbi motarta a jihar Anambara harsashi ya huda ɗankwalinta, a 2004 kuma aka ƙona wasu gine-ginen hukumar, har da ɗakin gwajinta na Kaduna. Duk da haka ciwon bai warke ba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84, ciki har da waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa na Zariya. A 2018 sai da gwamnati ta haramta ruwan maganin tari mai kodin saboda yadda ya addabi matasan Arewa. A 2024 ne aka tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa sabuwar cibiyar sari ta Dangwauro. Darasin a fili yake: jarumi guda a Abuja yana iya girgiza kasuwa, amma ba zai tsaya a kowane shago ba. Dole a sami mai cewa babu a kowane gari.

Sandan Awo

Gwaji mafi kyau na renon irin wannan mutum a karkara bai fito daga jami'a ba. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta don yaƙar makantar bakin kogi. Magani ya samu, amma wa zai kai shi ƙauyen da ba hanya? Shirin yaƙi da cutar na Afirka, wanda aka kafa a 1995, ya ɗauki wata dabara: kowane ƙauye ya zauna ya zaɓi mutum daga cikinsa, a horar da shi na ɗan lokaci, a ba shi littafin rajista da sanda mai alamomi. Da sandan ake auna tsawon mutum a san ƙwaya nawa zai sha, daga ɗaya zuwa huɗu.

Darasin farko da ake koya wa wannan mai rabo shi ne sanin wanda ba za a ba shi ba: yaron da bai kai santimita 90 ba, mace mai ciki, mai jegon da ba ta cika mako ba, da wanda ciwo ya kwantar. Manomi ko malamin makaranta ko matar aure, mai rabon yakan tsaya gaban dattijon da ya haife shi ya ce wannan jikan naka bai isa ba. Haka aka yi ta yi shekara bayan shekara, mafi yawa ba tare da albashi ba, har Kebbi ta shiga jerin jihohin da hukumomin lafiya suka tabbatar an katse yaɗuwar cutar a cikinsu. Da irin wannan hanya ake raba maganin tsargiya ga 'yan makaranta.

A 2015 an ba William Campbell da Satoshi Omura kyautar Nobel saboda gano asalin wannan magani, kuma sun cancanta. Amma ƙwayar da ba ta kai baki ba ba ta hana makanta. Waɗanda suka ɗauke ta a ka da cikin kwalekwale, sunayensu suna cikin tsofaffin littattafan rajista kawai.

Karramawa da Reno

Sana'ar magani a Nijeriya ba ta rasa hanyoyin girmama manyanta ba. Ƙungiyar PSN tana ba fitattun 'ya'yanta lambar girma, an kafa cibiyar manyan masana fannin a 2014, kuma duniya tana bikin ranar masana magunguna kowace 25 ga Satumba. 'Yan Arewa ma sun hau kujerun gaba: Ahmed Tijjani Mora ya riƙe muƙamin magatakardan PCN daga 2003 zuwa 2012, Ahmed Yakasai na Kano ya shugabanci PSN daga 2015 zuwa 2018. Masarautar Zazzau ta naɗa Mora Wakilin Magani, abin da ya mayar da sana'ar zamani cikin tsohon tsarin sarautun sana'a da aka ambata a farko.

Sai dai duk waɗannan lambobi a manyan birane ake rataya su, ga mutanen da suka riga suka isa. Inda aikin ya fi wuya, nan girmamawa ta fi ƙaranci. Matashin da aka turo bautar ƙasa wani asibiti a bakin tafki, ya tarar da firiji ba wuta da ma'ajiya ba kaya, ya daure ya gyara lissafin asusun magani, babu wanda zai ji labarinsa, kuma yana gamawa zai tattara ya koma birni. Mai kemis ɗin da ya yi shekara ashirin bai taɓa yin allura ba, ba shi da wata alama da za ta bambanta shi da maƙwabcinsa mai sayar da tiramadol ga 'yan acaɓa. Hasali ma maƙwabcin ya fi shi ciniki.

Tarihin da aka bibiya ya nuna hanyoyi uku. Ta farko, a reni 'yan ƙasa. Ɗan Gungawa ko ɗan Kambari ko ɗan Shangawa da ya karanci magani a Sakkwato ko Zariya da tallafin ƙaramar hukumarsa ya fi baƙo yiwuwar zama, kuma yana jin harshen majiyyaci. In kifi ya fito ruwa ya ce idon kada guda ne, wa zai musa? Masarautar da Sarkinta, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba ta bukatar a faɗa mata darajar wannan. Ta biyu, a daina kallon mai kemis a matsayin abokin gaba kawai. Dokar 2022 ta ƙarfafa ikon PCN a kan masu kemis da mataimakan masana magani, saboda haka kowane masani da ke yankin ya kamata ya zama malami ga shagunan da ke kewaye da shi, ya koya musu gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin ba da magani, da alamomin da ke nuna lokacin tura majiyyaci gaba ya yi. Ta uku, a kawo girmamawa gida, a yi ta a gaban jama'ar da suka san gaskiyar mutum, a ƙofar fada ko ranar kasuwa, kuma ma'auninta ya zama irin na Afshin: a aika wanda ba a sani ba ya nemi abin da bai halatta a sayar masa ba, a ga wa zai hana.

Kammalawa

Daga sansanin Afshin zuwa ajin Zariya, daga kuɗin da Akunyili ta mayar zuwa sandan awo na mai rabon ƙauye, hali ɗaya ne yake ta bayyana cikin tufafi dabam-dabam. Digiri yana koyar da sunan magani da ma'auninsa, doka tana tsoratar da mai algus, amma dukansu ba sa nan a lokacin da uwa ta miƙo kuɗi da tsakar dare tana roƙon a yi wa ɗanta allura. A wannan lokaci mutum ɗaya ne a bayan kanta, shi da Ubangijinsa. Idan mutanen Yauri da Ngaski da Shanga suka koyi neman irin wannan mutum, suka ɗauki nauyin karatun ƙannensa, suka kira sunansa a bainar jama'a tun yana raye, yaran da ke tasowa za su ga cewa hana kai haramtaccen ciniki ma hanya ce ta samun girma, kuma za a sami masu bin ta.